Sabar a Shagon Mai Turi

A bakin titin da ya ratsa Bungudu daga Gusau zuwa Sakkwato akwai irin shagon nan da kowa ya sani: benci a ƙofa, allon caji cike da wayoyi, sai kwamfuta ɗaya a ƙurya an lulluɓe ta da tsumma saboda ƙura. Yaro ya miƙa memori ya ce, "Malam, a tura min tafsirin bana da fim biyu." Mai shago ya soka, ya kwafa, ya karɓi kuɗinsa. Ba ruwansu da intanet. Duk abin da ake nema yana kwance cikin faifan ajiyar kwamfutar nan.

Wannan mutum ya riga ya yi rabin aikin da masu ilmin kwamfuta ke kira kafa sabar ta kai, wato ka ajiye bayanai a na'urar da ke hannunka, jama'a su riƙa ɗauka daga gare ta. Abin da ya rage masa kaɗan ne. Ya haɗa kwamfutar da rauta, ya sa mata manhaja irin Nextcloud, wadda kyauta ce, sai wayoyin da ke kusa su shiga su ajiye ko su ɗauka ba tare da an ƙona data ba.

Wanda ya zauna a Zamfara a 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba. A farkon Satumba na shekarar hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layuka a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira. A makonnin nan, ɗalibin da takardunsa ke Google Drive ko cikin imel, da su da babu duk ɗaya. Amma mai turi yana buɗe shagonsa kullum, domin rumbunsa a gida yake.

Ga kuma maganar kuɗi. Hayar wurin ajiya a Amurka ko Turai da dala ake biya, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 har ta haura 1,500 a 2024. Makarantar kuɗi da ke son adana sakamakon ɗalibai, ko kemis mai lissafin magani, kwamfuta ta hannu guda ɗaya ta ishe su. Cibiyoyin jarrabawar JAMB ma haka suke aiki: sabar ɗaya a cikin gini, an ja waya daga gare ta zuwa sauran kwamfutoci.

Sayen na'urar ba shi ne wahala ba, riƙonta ne. Zafin Afrilu yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fanka har na'ura ta shaƙe, wuta kuma in ta ɗauke tsakiyar rubutu tana iya lalata fayil. Dole sai da sola da batir da inbata, da ɗaki mai iska, da mutum mai haƙurin buɗe ta ya kaɗe ƙura. Faifan ajiya kuwa mutuwa yake yi, wani lokaci ba alama. Wanda bai yi kwafi na biyu ya kai wani gida ba, ranar da faifan ya tsaya sakamakon yara na shekaru ya tafi ke nan. Sai amana, wadda ta fi duk waɗannan nauyi a wurina: hotunan iyali da takardun gado na mutane ne, bai halatta yaron shago ya leƙa ba.

Shafin da ake son duniya ta gani dare da rana, wannan a bar shi a manyan cibiyoyin Legas ko Abuja, layin waya a Bungudu ba zai ɗauke shi ba. Amma takardun makaranta da na kasuwa su kwana a garin.

Matasanmu da suka karanta kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ku je ku zauna da masu turi. Na'ura da abokan ciniki suna wurinsu, ku kuma kun san yadda ake haɗa rauta da yin kwafi na biyu.