Ta Allah Ba Tasu Ba

A unguwar Bolori ta birnin Maiduguri, ba nisa da hanyar Baga, akwai wani dattijo mai fataucin bandar kifi wanda mutanen layinsu suka sani da ɗabi'a guda. Kullum in aka sallame sallar asuba jama'a suka watse, shi sai ya zauna a wurinsa yana jan carbi har rana ta fito. In kuwa yaro ya durƙusa ya ce, "Baba, ina kwana?" amsarsa ba ta sakewa: "Mun kwana, ta Allah ba tasu ba." Yara suna zaton karin magana ce irin ta tsofaffi, amma manya sun san mafarinta.

Tun yana saurayi ya zo Barno neman abinci, yana saro kifin tafkin Chadi daga Baga yana sayar wa fataken Kudu. Yana nan aka yi rikicin 'yan Tatsine a Bulunkutu cikin watan Oktoba na 1982, ya ce a ransa ba zai sake ganin irin wannan ba. Ashe da sauran rina a kaba. A ƙarshen watan Yuli na 2009 faɗa ya ɓarke tsakanin jami'an tsaro da mabiyan Muhammadu Yusufu, waɗanda cibiyarsu take kusa da tashar jirgin ƙasa, tafiyar ƙafa daga Bolori. Ya yi kwanaki shi da iyalinsa a kwance a ƙasa suna jin amon bindiga, har ran 30 ga wata aka kashe shugaban nasu.

Shekara ta kewayo, sai ga su sun dawo bisa babura, suna harbe 'yan sanda da masu unguwanni da malamai, har ta kai Gwamnati ta hana hawan babur a garin a 2011. Abin da ya fi damun dattijon shi ne, abokin gaba na nesa da sauƙi, ana iya yi masa ganuwa, waɗannan kuwa 'ya'yan unguwa ne. Cikinsu har da ɗan wata makwabciyarsa mai takaba, yaron da shi da kansa ya raba goron sunansa. Gari ya zama gaba kura baya sayaki: wanda ya kai rahoto a bi shi da dare, wanda ya yi shiru kuwa ran da aka zo kame a haɗa da 'ya'yansa.

Wata rana cikin watan Fabrairu na 2012 ciwon ƙafa ya hana shi fita, ya wuni yana mita, yana lissafin cinikin da zai wuce shi. A ranar ne 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar kifi ta hanyar Baga, suka kashe mutane da dama. Cikin mamatan har da amininsa na shekara da shekaru, wanda rumfarsa take jikin tasa, kafaɗarsa kuma take jikin tasa a sahu.

Mutane suka yi ta zuwa jaje suna haɗawa da barka, suna cewa, "Alhaji, lalle addu'arka ce ta tsare ka." Wannan magana ta fi ciwon ƙafar yi masa zafi. Ya sani sarai marigayin ya fi shi ibada, shi ne ma ya koya masa lazimtar Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi safe da maraice. To, in addu'a ce ta tsare shi, me ya sa ba ta tsare wanda ya koya masa ita ba? Ya yi kwanaki yana salla, amma in ya ɗaga hannu zai yi godiya sai harshensa ya yi nauyi.

Da abin ya ishe shi sai ya sami limaminsu a zaure ya faɗa masa. Liman ya yi shiru can, sa'an nan ya ce, "Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, shi ya sa ka ɗauki addu'a ciniki, ka biya a ba ka kaya. Masu bindigar nan ba su rage wa amininka ko daƙiƙa ɗaya cikin kwanakinsa ba, kai ma ba wayonka ya ƙara maka ba. Wani Allah Yakan tsare shi da tsawon rai, wani da kyakkyawan ƙarshe. Kai da aka bari, roƙi Allah Ya hana su shiga zuciyarka, don nan ne in sun shiga suka ci ka da yaƙi."

Bai gane wannan magana sosai ba sai a 2013. Ran 14 ga watan Mayu aka kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Barno da Yobe da Adamawa, aka katse wayoyi. Ba a jima ba samarin gari suka ɗauki gora da adda suka shiga farautar masu bindiga unguwa-unguwa, watau waɗanda aka yi wa laƙabi da 'yan kato da gora. Ɗansa ya nemi izini ya shiga, ya sa masa albarka, don a ganinsa dogara ga Allah ba kwanciya ba ce, Allah cewa Ya yi tashi in taimake ka.

Ran nan sai ga samarin sun taso ƙeyar ƙanen wancan yaro, ɗan makwabciyar tasa, suka tsaya a ƙofar gidansa suka ce, "Baba, kai ka san gidan nan, kai kuma aka kashe wa amini. Wannan nasu ne ko ba nasu ba ne?" Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a tafi da yaron tafiyar da ba dawowa, zuciyarsa kuwa tana ta raya masa ya faɗe ta. Ya dubi uwar tana birgima a ƙasa, ya ce, "Wan na gan shi da bindiga da idona, ko gaban alkali zan maimaita. Wannan kuwa ban taɓa ganinsa da komi ba sai jarkar ruwa. Ba zan shaidi abin da ban gani ba." Aka saki yaron. Wasu suka daina gaishe shi, har ana raɗe-raɗin ko yana da hannu, bai tanka wa kowa ba.

Wuya ba ta ƙare nan ba. Gwoza ta faɗi a watan Agusta na 2014, Bama ta bi baya a Satumba, Baga kuma a farkon Janairu na 2015. Fataucin kifi ya mutu, masuntan da yake saro kaya a wurinsu suka iso ba ko takalmi, ya buɗe musu zaurensa. Ran 25 ga Janairu da ran 1 ga Fabrairu aka kawo wa Maiduguri farmaki, masallatai suna ta alƙunutu, soja da samarin gari suka tare, birnin bai faɗi ba.

Har yanzu ƙura ba ta gama lafawa a ƙauyukan Barno ba, shi ma jarinsa bai koma yadda yake ba. Amma in ya zauna bayan asuba, yakan fara da nema wa amininsa gafara, sa'an nan ya yi ta hamdala ba nauyin harshe. Yakan ce kuɓutarsa daga harsashin kasuwa ba ta kai kuɓutarsa a ƙofar gidansa ba, ran da Allah Ya riƙe masa baki. In rana ta ɗaga kuwa, wani magidanci mai Keke Napep yakan tsaya a bakin masallaci ya ɗauke shi zuwa kasuwa, bai taɓa yarda ya karɓi ko kwabo ba. Shi ne yaron nan mai jarkar ruwa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaya, Ya tsare na baya daga sharrin maƙiya na fili da na ɓoye, amin.