Tambaya Ta Ɗari Da Ɗaya

Ranar da aka ba shi aikin, matashin bai ga abin fargaba a cikinsa ba. Kamfanin da ya ɗauke shi gwajin wata uku yana sayar wa dillalai takin zamani da irin shuka, mafi yawa a kan bashi, kuma yana ajiye lissafin cinikinsa a manhajar Salesforce. Buƙatar maigidan ba ta wuce jimla ɗaya ba: duk lokacin da aka shigar da sabuwar oda, manhajar ta duba bashin da ake bin dillalin, idan zai haura iyakar da aka yanka masa, ta ƙi karɓa. Matashin ya karanci kimiyyar kwamfuta, ya kuma taɓa rubutu da harshen Java. Apex kuwa, wato harshen da ake yi wa Salesforce kwaskwarima da shi, kamarsa ɗaya da Java kamar an tsaga kara. Saboda haka ya ce kwana biyu sun ishe shi.

Kurakuran ranar farko ba su cancanci dogon bayani ba. Ya manta waƙafi mai ruwa a ƙarshen layi. Ya rubuta sunan gurbin iyakar bashi da layin ƙasa ɗaya, alhali duk gurbin da kamfani ya ƙirƙira da kansa sai sunansa ya ƙare da layin ƙasa biyu da harafin c. Irin waɗannan ba sa cutar kowa, domin manhajar ba ta ma yarda ta adana rubutun, sai ta nuna layin da ya karkace. Ya gyara, ya kammala abin da masu sana'ar ke kira tiriga, wato kunamar bindiga: umarnin da ke tashi da kansa da zarar an taɓa wani bayani. Ya shigar da oda ɗaya da hannunsa a filin gwaji, ta wuce. Ya shigar da wata mai haura iyaka, aka ƙi ta. Aka ɗora aikin a kan ainihin manhajar kamfanin.

Damina na ƙaratowa, wakilan rassa suka turo odoji ɗari shida a jere guda. Ranar Juma'a da hantsi aka loda su da Data Loader, sai duk suka dawo, ko ɗaya ba ta shiga ba. A gaban kowane layi saƙo ɗaya ne: Too many SOQL queries: 101.

Mai koyo yakan ɗauki irin wannan saƙo a matsayin tsawa, alhali bayani ne cikakke, har da adadi. SOQL shi ne harshen da ake tambayar rumbun bayanan Salesforce da shi, saƙon kuma cewa yake yi an yi tambaya ta 101 a inda aka yarda da 100 kacal. Dalilin wannan iyaka yana cikin asalin ginin. Tun da Marc Benioff da abokansa suka kafa Salesforce a San Francisco a 1999, tsarin shi ne kamfanoni su daina sayen manhaja suna girkawa a kwamfutocinsu, su shiga ta intanet su yi aiki a kan na'urorin da ake tarayya a kai. Gidan haya ne: kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma rijiya ɗaya ce. Idan ɗan haya ɗaya ya kafa guga ya ƙi matsawa, sauran za su kwana da ƙishirwa. Shi ya sa aka yanka wa kowace hada-hada rabonta: tambaya 100, umarnin rubuta bayani 150, da daƙiƙa goma na lokacin sarrafawa.

Matashin ya sanya tambayarsa ne a cikin zagayen maimaici, ta yadda kowace oda sai ta je rijiya da gugarta. Da oda ɗaya tambaya ɗaya ce, babu mai ji. Amma manhajar tana miƙa wa tiriga bayanai har 200 a lokaci guda, don haka a oda ta ɗari da ɗaya igiyar ta tsinke, kuma duk abin da aka yi kafin nan ya koma kamar ba a taɓa yi ba.

Dabararsa ta farko ita ce ya kewaye wurin da tarkon kama kuskure, wanda Apex ya gada daga Java. Bai yi aiki ba, domin kuskuren ƙetare iyaka ba ya kamuwa. Da gangan aka yi shi haka. Dabara ta biyu ta yi aiki, abin takaicin ke nan. Ya rage yawan odojin da ake turawa a lokaci guda daga 200 zuwa 50, sai duk suka shige kafin a tafi masallaci. Ya kwana da farin ciki, motoci kuma suka fara lodi ranar Asabar.

Ranar Litinin babbar ma'aikaciyar da ke kula da manhajar ta dawo daga tafiya, ta ga an sauya adadin, ta kira shi.

"Malam, ka rage kayan ne don jakin ya iya tashi, amma ƙafarsa tana nan a karye. Gobe wani zai loda ɗari biyu bai san abin da ka yi ba."

"Hajiya, ai ya yi aiki."

"Buɗe mini rubutun."

Gyaran bai kai layi goma ba. A fara tattara lambobin shaidar dukkan dillalan da ke cikin rukunin, a yi tambaya ɗaya tak a wajen zagayen, a zuba amsar a jadawalin da ke haɗa kowace lamba da mai ita, sannan zagayen ya riƙa ɗauka daga nan. Oda ɗaya ko ɗari biyu, zuwa rijiya sau ɗaya ne. Ya gane nan take, ya kuma ji kunyar sauƙin abin.

Sai dai Hajiya ba ta rufe shafin ba. Idonta ya tsaya a kan wani tarkon kama kuskure na daban, wanda cikinsa babu komai. Ta tambaye shi me yake kamawa. Ya tuna cewa a rana ta biyu wani saƙo ya taɓa fito masa game da taɓa abin da babu shi, ya kewaye wurin, saƙon ya ɓace, shi kuma ya ɗauka ya warke.

A nan ne ainihin ɓarnar take. A Apex, gurbin lamba da ba a cike ba fanko ne, fanko kuwa daban yake da sifiri. Rubutunsa yana cire bashi daga iyaka don ya ga abin da ya rage, idan kuma gurbin iyakar fanko ne, lissafin sai ya fashe. Da ya bar shi ya fashe, da an ƙi odar, wani ya zo ya yi tambaya. Da ya rufe masa baki, sai rubutun ya tsallake binciken ya bar odar ta wuce. Su wa ke da gurbin fanko? Sababbin dillalai, waɗanda ba a riga an yanka musu iyaka ba, wato mutanen da suka fi kowa buƙatar a bincike su. Da suka duba, su goma sha ɗaya ne a lodin Juma'a, kuma kayan bakwai daga cikinsu sun riga sun bar sito.

Abin mamakin shi ne aikin ya ci jarrabawar da Salesforce ke gindayawa. Ba a ɗora rubutun Apex a kan ainihin manhaja sai gwaje-gwaje sun ratsa aƙalla kashi 75 cikin ɗari na layukansa, nasa kuwa sun haura haka. Amma wannan ma'auni yana ƙirga layukan da aka bi ta kansu ne kawai, ba ya tambayar ko sakamakon daidai ne. Gwajinsa ya ƙirƙiri dillali ɗaya mai cikakken bayani da oda ɗaya, bai kuma tabbatar da komai a ƙarshe ba.

Hajiya ta ce shi zai je ya faɗa wa maigidan da bakinsa, ita za ta tsaya a gefensa. Ya shiga ofis da jerin sunayen a hannu, saura mako biyar gwajinsa ya ƙare.

"Ranka ya daɗe, kuskurena ne. An ba mutum bakwai kaya ba tare da manhajar ta duba su ba."

Alhaji ya karanta sunayen a hankali. Huɗu ya san iyayen gidansu, uku bai taɓa jin su ba, ya sa a kira wakilan rassansu kafin azahar. Sannan Hajiya ta yi tambayar da ya kamata a yi tun ranar farko, wadda babu mai rubuta manhaja da ke da hurumin amsa ta: idan ba a yanka wa dillali iyaka ba, a ɗauka ba shi da iyaka ne, ko a ɗauka ba a yarda a ba shi bashi ba? Alhaji ya ce wanda ba a yanka masa ba ya biya kuɗi hannu.

Da yamma matashin ya cire tarkon, ya rubuta wannan hukunci a layi uku, tare da saƙon Hausa da zai fito wa magatakarda. Sabon gwajin ya ƙirƙiri odoji 200, ashirin daga cikinsu na dillalai masu gurbin fanko, ya kuma ƙirga waɗanda aka ƙi. A karon farko goma sha tara ya samu, sai ya buɗe kundin bin sawu ya shiga neman ta ashirin.