Hannun Inna Bai Shiga Ciniki Ba

A farkon shekarun 2000, muna ɗalibai a Kwalejin Aikin Gona ta Zuru, wata rumfar abinci da ke kusa da tasha ce ta riƙe mu. Mai rumfar dattijuwa ce, babba da yaro Inna suke ce mata. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji, da dare tuwon dawa miyar kuka. Shinkafarta 'yar Hausa ce daga fadamun Yawuri, sai an tsince ta a faifai an rege a ƙwarya kafin ta ga tukunya. Daddawa kuwa ba ta saye. Ita ke dafa kalwarta, ta rufe ta har ta nuna.

A bencinta ɗaya za ka tarar da direbobin Kontagora da na Koko, da tsofaffin sojojin da ƙasar Zuru ta yi suna da su, da manoma Dakarkari da suka shigo cin kasuwa, Musulmi da Kirista. Inna ta san mai son yaji, ta san wanda gyambon ciki ya hana. In ta ga ɗalibi yana lalube a aljihu sai ta ce, "Ɗana, ci ka ƙoshi. In an aiko maka daga gida ka kawo."

Na bar garin na kama aiki. Da na dawo sai na iske tsufa ya zaunar da ita, ta sayar wa wani matashi wurin. Ya yi gyara ƙwarai: rufin kwano, kujerun roba, talabijin da janareto. Ya tarbe ni da "Sannu da zuwa, Yallaɓai," aka kawo mini dafa-duka da shinkafa 'yar Tailan, doguwa, wara-wara, babu tsakuwa ko ɗaya. A waɗancan shekarun ita ce ta cika kasuwanninmu, yawancinta ta Kwatano take shigowa. Ban ga laifinsa ba, domin ba ta buƙatar tsinta, kuma ita masu saye ke nema. Amma miyarsa ɗanɗanon dunƙule kawai ke cikinta, tuwon dawa ya fita daga lissafi, an kuma liƙa takarda a bango cewa ba a ba da bashi. Manoman nan ban ga ko ɗaya ba.

Daga baya al'amarin shinkafa ya juya. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, a 2017 aka buɗe babban kamfanin casa na WACOT a Argungu, a Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin tudu. Shinkafar Kebbi ta koma tukwanen gidajen abinci, har da na matashin nan. Na yi murna da haka, don gumin manomanmu ne.

Sai dai miyar Inna ba ta dawo ba. Rumfa da tukwane aka sayar. Sanin gwargwadon kanwa, da ranar da daddawa ke nuna, da sanin halin mai ci, duk suna wurinta, kuma babu wanda ya zauna ya koya. Har yau akwai irin su Inna a Zuru, Dabai da Ribah. Duk mai niyyar karɓar rumfa daga hannunsu, ya fara zama gaban murhunsu ya koyi aikin tun suna da ƙarfin koyarwa.