Kankana a Kasuwar Nima

Ranar Laraba kasuwar Nima take cika, kuma idan kakarta ta yi, kankanar Ada ba ta yankewa daga nan har Maamobi. Iri biyu muka gwada. Marar 'ya'ya, wadda masana suka samar a Japan a 1939, ta fi sauƙin sha ga yara da tsofaffi, amma ba ta barin iri. Dole manomi ya sayi sabo kowace shekara, ya kuma shuka mai 'ya'ya kusa da ita kafin ta haihu, shi ya sa take tsada. Mai 'ya'ya kuwa ta ishi talaka buɗa-baki. Ga abarbar Nsawam, ga mangwaron Dodowa. Iyaye, in mun yanka, mu tuna da maƙwabta. Allah Ya ƙara albarka.