Kwanaki a Paldea tare da Pokémon Scarlet

Asabar

Bayan la'asar na fara Pokémon Scarlet a kan na'urar Switch. Kamfanin Game Freak na Japan ne ya yi shi, kuma ya fito tare da abokin tagwaicinsa Violet ranar 18 ga Nuwamba 2022. Cikin halittu uku da ake miƙa wa sabon ɗalibi na ɗauki Fuecoco, ɗan kada ja mai aman wuta. An ɗauko fasalin ƙasar Paldea daga yankin Sifaniya da Fotugal, ga gonakin zaitun, ga dandali a tsakiyar gari. Da aka gama zaman aji a makarantar Naranja, shugabanta Clavell ya sallami ɗalibai, kowa ya tafi neman abin da zai kira taskarsa. Daga nan ba mai tare maka hanya. Wanda ya saba da tsofaffin wasannin, inda ake bin titi ɗaya gari bayan gari, zai ji kamar an kwance masa dabaibayi.

Amma tun a cikin ajin idona ya kama wani abu. Yaran da ke zaune nesa suna kaɗa ƙafa a tsintsinke, motsi ɗaya, tsayawa, motsi ɗaya.

Lahadi

Yini guda a bayan Koraidon, dabbar da ake hawa. Halittu suna yawo a fili garke-garke, wasu na barci, wasu su biyo ka da gudu. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai. Matsalar ita ce ba sa bayyana sai ka zo dab da su, ƙananan kuwa sai ka taka su faɗa ya ɓarke ba ka shirya ba. Idan faɗan ya kama a gangare, kyamara takan nutse cikin ƙasa har ka hango abin da ke ƙarƙashin duniyar, wato ba komai. A garin Artazon an sa ni nemo halittun Sunflora goma. Da suka jeru a bayana sai tafiyar ta yi nauyi, kowane taku da ƙyar.

Talata

Yau na gane inda zuciyar wasan take. Labari uku ne ke tafiya tare: gasar zaurukan faɗa takwas da wata ɗaliba mai suna Nemona ke ingiza ka, sansanoni biyar na ƙungiyar Team Star, sai farautar manyan halittu biyar tare da Arven. Da farko Arven yaro ne mai tsiwa da gajen haƙuri, ba ya ko son ganin Koraidon. Mun kayar da Klawf, ƙatuwar ƙaguwar dutse, muka shiga kogo muka tsinko ganyen Herba Mystica, ya haɗa burodi da shi. Sai bayan babbar halitta ta biyu ya fito da abin da yake ɓoyewa: karensa Mabosstiff, kwance, ba ya iya tashi, ba ya ko buɗe ido. Asibitin Pokémon ya gaza. Arven ya gutsuro burodin yana ba shi a baki kaɗan-kaɗan, yana lallashinsa. Uwarsa, Farfesa Sada, ta nutse cikin bincike ta bar shi tun yana ƙarami, wannan karen ne ya zame masa dangi.

Na ajiye na'urar na ɗan jima. Rabon da wasan Pokémon ya taɓa ni haka har na manta. Abin da ya yi mini ciwo shi ne babu murya. Bakin yaron yana motsi, rubutu na fitowa a ƙasa, shi ke nan. Wurin nan ya cancanci a ji rawar muryarsa.

Laraba

'Yancin yawon nan rabi ne. Ƙarfin abokan karawa ba ya bin naka, an riga an kafe shi, kuma taswira ba ta nuna matakin kowa. Ko ka faɗa hannun wanda ya fi ƙarfinka, ko ka dawo ka tarar da wanda bugu ɗaya ya ishe shi. Larry, shugaban zauren faɗa na garin Medali, ya biya ni, ma'aikacin ofis mai jaka da gajiya a fuska, wanda ake ganowa ta hanyar yin odar abinci daidai a gidan cin abinci.

Juma'a

Tafkin Casseroya. A nan ne wasan ya fi durƙushewa. An tsara shi ya riƙa nuna hoto 30 a daƙiƙa, amma kana shiga ruwan sai ya faɗi ƙasa da haka a fili, Koraidon na iyo yana cijewa, ka danna maɓalli amsa ta makara. In ruwan sama ya sauko abin ya ƙara lalacewa.

Wasu na ɗora laifin kan Switch, wai na'urar 2017 ce ta tsufa. Ban yarda ba. A Yulin 2022 Xenoblade Chronicles 3 na kamfanin Monolith Soft ya fito a kan wannan na'urar, da filaye masu faɗi da kyau fiye da na Paldea. Ni a ganina gaggawa ce. A Janairun 2022 Game Freak ya saki Pokémon Legends: Arceus, wato manyan wasanni biyu cikin wata goma. Alamun saurin suna ko'ina: duwatsu masu zane ɗaya da ake ta maimaitawa, shaguna da yawa da ba su da ciki sai jerin kaya a allo. Duk da haka an sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku, kuma a Disamba 2022 Nintendo ya fito ya ba da haƙuri kan matsalolin. Sai a Yunin 2025, da zuwan Switch 2, aka saki gyaran da ya sa wasan ke gudu sumul, ga wanda ya iya sayen sabuwar na'ura.

Lahadi

Na sauka cikin babban ramin da ke tsakiyar Paldea, Area Zero, tare da Arven da Nemona da wata ɗaliba, Penny. Kiɗan ya sauya, haske ya yi fari fat, ga halittun zamanin da can suna yawo. Abokan tafiyar suna hira muna gudu, hira mai ma'ana kan iyayensu, sai dai rubutun na wucewa a ƙasan allo lokacin da idonka ke kan hanya, kuma da wata halitta ta taɓa ka zancen ya yanke.

A ƙasan ramin gaskiya ta fito. Sada ta riga ta rasu, wadda ke magana da mu duk tsawon tafiyar na'ura ce mai ɗauke da tunaninta, kuma ita da kanta ta roƙe mu mu tsayar da injin da ke jawo halittu daga zamanin da. Aka kulle ƙwallayen da ke ɗauke da halittunmu duka, Koraidon kaɗai ya rage, dabbar da tsoro ya hana faɗa tun farkon wasan. Arven ya ji daga bakin na'ura cewa uwarsa ta ƙaunace shi. Wanda ya rubuta wannan ya san aikinsa, kuma ina jin haushin cewa mutane da yawa sun ajiye wasan tun a Casseroya ba su iso nan ba.

Yanzu an buɗe sake karawa da shugabannin zaure takwas. Gobe zan fara da Larry.