Ranar Da Talabijin Ɗin Baba Ta Rubuta Sallama



Tun rasuwar Baba, tsohuwar talabijin ɗinsa mai ƙeya take jibge a zaurenmu na Magajiya. Kwanakin baya Inna ta ce a kira ɗan jari-bola ya kwashe ta. Na roƙe ta ta ba ni mako biyu.

Ina da wani ɗan allon lantarki mai suna Arduino Uno, wanda bai kai tafin hannu ba. Ƙwaƙwalwarsa, ATmega328P, ba a yi ta domin hoto ba, amma tana iya kunna wuta da kashe ta a ƙafafunta cikin tsananin sauri. Ita kuwa talabijin abin da take buƙata ke nan. Ramin nan mai ruwan ɗorawa da muke jona bidiyo, ƙarfin wuta kawai yake saurare: sifili alamar fara sabon layi, kusan bolt 0.3 baƙi, bolt 1 fari. Da rezista biyu, mai 1,000 da mai 470, allon yana iya fitar da waɗannan matakai uku. Na haɗa, na zuba manhajar TVout, na kunna.

Hoto ya fito, amma sai gudu yake yi daga sama zuwa ƙasa. Kwana uku ina fama. Da na gaji, na ɗora ta a keke napep zuwa shagon Kawu, ƙanen Inna, wanda ya tsufa a gyaran rediyo da talabijin. Yanzu yakan wuni ba a kawo masa aiki ba, kowa ya koma ta bango.

Kallo ɗaya ya yi mata ya ce, "Kai yaro, da harshen Amurka kake mata magana."

Na ce, "Kawu, ban gane ba."

Ya ce haka na'urorin bidiyo 'yan gwanjo na Amurka suke yi wa talabijin ɗinmu a da. Su can tsarinsu NTSC, layi 525, ana shafe fuskar sau 60 a daƙiƙa. Mu a Najeriya PAL ne, layi 625, sau 50. Kowane layi namu kashi 64 cikin miliyan na daƙiƙa yake ci. In ka saɓa, hoto ba zai zauna ba.

Na duba rubutuna, ga NTSC nan ƙarara, yadda na kwafo. Kalma ɗaya na canza. Hoto ya tsaya cak, farin rubutu a kan baƙi: ASSALAMU ALAIKUM. Kawu ya cire tabarau ya goge ya mayar, bai ce komai ba.

Kada a zaci hoto ne na a zo a gani. Ɗigo 128 ne a kwance, 96 a tsaye, babu launi, kuma wannan kaɗai ya cinye bayit 1,536 cikin 2,048 da allon yake da su. Amma ya isa rubuta lokutan salla da manyan lambobi. Mun ƙara mata ƙaramin agogo mai batir don kada lokaci ya ɓace in an ɗauke wuta. Yanzu tana masallacin layinmu, Inna ta ce Allah Ya kai ladan kabarin Baba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, ni na iya rubuta manhaja, amma ban san talabijin ba. Kawu bai taɓa riƙe kwamfuta ba, amma shekarunsa sun gane cutar a kallo ɗaya. Irinsa suna nan da yawa a Suleja, suna tsufa da iliminsu a ciki.

Matasanmu masu karatun kwamfuta, ku riƙa leƙa shagunansu. Mai son gwadawa kuma, kada ya buɗe bayan talabijin mai ƙeya shi kaɗai, domin tana riƙe muguwar wuta ko an zare ta daga soket.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.