Shekara biyu muna maganin olsa, ashe aljihu ne a hanji

Mai karatu, in kana da dattijo a gida mai yawan kukan ciki, ka tsaya ka ji abin da ya faru da mahaifinmu a Jere, cikin ƙaramar hukumar Kagarko.

Shekara biyu Baba yana fama. Da ya ci tuwo sai ciki ya kumbura, ga gyatsa, ga gudawa jefi-jefi, ga rama. Mai kemis ya ce olsa ce, muka yi ta sayen magani. An yi sikanin sau biyu, aka ce ba a ga komai ba. Daga nan 'yan uwa suka fara zancen sammu.

Da jiri ya hana shi zuwa gona, wata likita ta auna jininsa, ta ce ya yi ƙasa, a je a ɗauki hoton CT. Muka sayar da buhunan citta, muka bi hanyar Bwari zuwa Abuja.

A kan kwamfuta likitan hoto ya nuna mini wasu 'yan ƙulle-ƙulle maƙale a jikin ƙaramin hanji, kowanne da iska a sama, ruwa a ƙasa. Ya ce aljihuna ne da ke bullowa inda bangon hanji ya yi rauni, galibi ga masu shekaru. Ƙaramin hanji ya kai kusan mita 6, a naɗe, kuma iskar cikinsa kan tare wa sikanin gani. Shi ya sa ake neman CT, ko hoton da ake sha wa farin ruwan bariyam, wanda ke cika aljihun ya fito fili.

Mutane da yawa na da su ba tare da wata damuwa ba. Amma ga Baba, ƙwayoyin cuta ne suka taru a ciki suna cinye sinadarin B12, jini ya ragu. Aka ba shi maganin kashe su da allurai. Ba a yi tiyata ba. Bana da kansa ya yi noma, alhamdulillahi.

Don haka in magani ya ƙi ci, ka koma wurin likita, ka faɗa masa tun yaushe aka fara. In kuwa ka ga baƙin bayan gida ko jini, ko ciwon ciki mai tsanani da zazzaɓi da amai, kada ka jira gari ya waye, domin aljihun kan iya fashewa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.